Tarihin Azumin Kwana Arba'in na Kirista da Karatun Bisharar da Ke Tafe da Shi

Azumin kwana arba'in da Kiristoci da yawa ke yi kafin Idin Ista, wato idin tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu, al'ada ce da ta ɗauki ƙarnuka kafin ta zauna da kamannin da aka san ta da su a yau, domin Sabon Alkawari bai ƙayyade kwanakinta ba, bai kuma faɗi irin abincin da mai azumi zai bari ba. Wanda ya bi sawunta zai tarar dokokin ci da sha sun yi ta sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma daga zamani zuwa zamani, alhali sassan Bishara da ake karantawa a cikin waɗannan makonni sun fi dokokin daɗewa, kuma a cikinsu ne ma'anar azumin ta fi fitowa fili.

Shaida mafi tsufa da ake da ita ta nuna azumin ya fara ne gajere ƙwarai. Wajen shekara ta 190, Iraniyus, bishop na birnin Liyon a ƙasar da ake kira Faransa yanzu, ya rubuta wa Fikto, bishop na Roma, wasiƙa a kan saɓanin da ya taso game da ranar Ista, inda ya ambata cewa waɗansu na azumin yini ɗaya, waɗansu biyu, waɗansu fiye da haka, waɗansu kuma sa'a arba'in a jere, ya ƙara da cewa bambancin ya samo asali tun zamanin magabata kuma bai hana su zaman lafiya ba. A ƙarni na 3 ikilisiyoyin Siriya da na Iskandariya sun faɗaɗa shi zuwa kwana shida na makon ƙarshe, har wani littafin tsarin ikilisiya na Siriya ya taƙaita abincin waɗannan kwanaki ga gurasa da gishiri da ruwa. Wannan azumi na makoki ne, na masu juyayin kamawa da gicciyewar Ubangijinsu.

Adadin arba'in ya bayyana ne a ƙarni na 4. Ana yawan jingina shi ga Majalisar Nikiya ta shekarar 325, wadda doka ta biyar daga cikin dokokinta ta ambaci wani lokaci mai suna arba'in, ko da yake masana na da saɓani a kan abin da take nufi. Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin wasiƙun Atanasiyus, bishop na Iskandariya, wanda a kowace shekara yakan sanar da ikilisiyoyin Masar ranar idi da ranar fara azumi. Wajen shekara ta 340, yana gudun hijira a Roma, ya roƙi abokinsa bishop Sarafiyon da ya matsa wa mutanen Masar su kiyaye kwana arba'in ɗin, don kada duniya duka tana azumi su kaɗai su zama abin dariya. Adadin kansa daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko shi: kwana arba'in da Musa ya yi a kan Dutsen Sina'i, da kwana arba'in na tafiyar annabi Iliya zuwa Horeb, da shekara arba'in ɗin Isra'ilawa a jeji, sannan uwa uba kwana arba'in da Yesu ya yi yana azumi a jeji bayan baftismarsa, inda Iblis ya gwada shi. Tun zamanin Paparoma Liyo na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 440 zuwa 461, labarin wannan gwaji ne ake karantawa a Roma ranar Lahadin farko ta azumi, kuma har yau haka abin yake.

Yarda da adadin bai kawo yarda a kan lissafinsa ba. Marubucin tarihi Sokratis na Kustantiniya ya yi mamaki a ƙarni na 5 yadda wani gari ke yin mako uku, wani shida, wani bakwai, amma kowa na kiran nasa arba'in. Tushen matsalar shi ne ba a azumi ranar Lahadi, domin ranar tashin Almasihu ce, kuma a yawancin ƙasashen gabas ba a yi ranar Asabar ma. Paparoma Giregori na Ɗaya, wanda ya rasu a 604, ya lissafa mako shida, ya cire Lahadi shida, ya sami kwana 36, ya kira su ushirin shekara da ake miƙa wa Allah. Bayansa ne aka ƙara kwana huɗu a farko don a cika arba'in, shi ya sa ikilisiyoyin yamma ke farawa ranar Laraba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuwa sun tsaya a kan kwana 55, ba nama, ba ƙwai, ba nono.

Abin da ya ba waɗannan makonni nauyinsu na gaske shi ne shirin baftisma. Bayan an daina tsananta wa Kiristoci a daular Roma a shekarar 313, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa ikilisiya, sai shugabanni suka ga dole a tace su a kuma koyar da su kafin a yi musu baftisma a daren Ista. Wata mata mai suna Ijeriya, wadda ta zo ziyarar ibada daga yammacin Turai ta zauna a Urushalima tsakanin 381 da 384, ta bar bayani filla-filla a kan yadda ake yi. A Urushalima azumin mako takwas ne. Kafin a fara, wani limami yakan rubuta sunayen masu neman baftisma. Washegari sai a kafa wa bishop kujera a tsakiyar babbar majami'a, a riƙa gabato da su ɗaya bayan ɗaya, namiji tare da uban baftismarsa, mace tare da uwar baftismarta. Bishop yakan tambayi maƙwabtan mutum ko yana da halin kirki, ko yana girmama iyayensa, ko mashayi ne, ko maƙaryaci. Idan shaidu suka wanke shi, bishop ya rubuta sunansa da hannunsa. Idan kuwa aka same shi da aibi, sai a ce ya je ya gyara halinsa ya dawo. Waɗanda aka karɓa sukan zauna kewaye da bishop sa'a uku kowace safiya, yana bi da su cikin Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa, bayan mako biyar kuma a ba su shaidar bangaskiya, wato taƙaitaccen jawabin da ya tattara jigogin aƙidar Kirista, su haddace, kowa ya zo ya maimaita a gabansa. Ijeriya ta lura da wani abu da ya cancanci a riƙe: akwai masu wuce mako guda ba su ci kome ba sai Asabar da Lahadi, akwai masu ci kowace yamma, amma ba a tilasta wa kowa, ba a yabon wanda ya yi da yawa, ba a kuma zargin wanda ya yi kaɗan.

Domin waɗannan masu jiran baftisma ne aka zaɓi labarai uku daga Bisharar Yohanna, waɗanda suka zama ƙashin bayan karatun azumi a Roma: labarin Basamariya a bakin rijiya a sura ta 4, da na mutumin da aka haifa makaho a sura ta 9, da na tashin Li'azaru a sura ta 11. Ana karanta su ne a ranakun da ake kira ranakun bincike, lokacin da ake yi wa masu neman baftisma addu'ar tsari daga Shaiɗan. Malaman farko sun ga alamun baftisma a cikinsu, wato ruwa, da buɗewar ido, da fitowa daga kabari, amma akwai wani zare da ya ɗinke su ukun wanda ya fi alamun muhimmanci. Matar ba ta zo rijiya neman kowa ba, ruwa ta zo ɗiba da tsakar rana, Yesu ne ya fara yi mata magana, ya tsallake gabar da ke tsakanin Yahudawa da Samariyawa, kuma sanin tarihin aurenta bai sa ya juya mata baya ba. Makahon bai roƙi a warkar da shi ba, Yesu ne ya gan shi yana wucewa, ya kuma ƙi yarda da zaton almajiransa cewa makantar sakamakon zunubinsa ne ko na iyayensa. Da aka kore shi daga majami'ar Yahudawa, Yesu ne ya sake nemo shi. Li'azaru kuwa kwanansa huɗu a kabari, ba shi da bakin roƙo balle aikin lada. Mutumin da ya yi makonni yana horar da cikinsa zai iya ɗauka cewa wahalarsa ce ke saya masa karɓuwa, sai ikilisiya ta sa a karanta masa labarai uku da ke nuna ƙaunar Allah ce ke fara tattaki zuwa wurin mutum tun bai san yana bukatarta ba. Wannan zaɓi ba ƙaramar hikima ba ce.

Akwai rukuni na biyu da azumin ya rungumo, wato waɗanda suka riga suka yi baftisma suka kuma faɗa cikin babban zunubi kamar kisa ko zina ko musun bangaskiya. Irin waɗannan akan shigar da su sahun masu tuba a farkon azumi, su sa tufafin makoki, a zuba musu toka, a hana su Jibin Ubangiji, har ranar Alhamis ta kafin Ista, ranar da bishop ke mayar da su cikin tarayya a gaban jama'a. Wasiƙar Paparoma Inosan na Ɗaya ta shekarar 416 ta tabbatar da cewa haka ake yi a Roma. Da tuba a bainar jama'a ta ja da baya, tokar ba ta ɓace ba, sai ta koma kan kowa da kowa, har taron bishop-bishop na Benebento a 1091, ƙarƙashin Paparoma Uban na Biyu, ya umarci malamai da sauran jama'a, maza da mata, su karɓe ta. Daga nan Larabar Toka ta kafu. Ana ƙona ganyen dabinon da aka yi amfani da shi a Lahadin Dabino ta bara, wato Lahadin da ke kafin Ista, a shafa tokar a goshi ko a barbaɗa a ka, a tuna wa mutum cewa daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. Karatun wannan rana daga Matiyu sura ta 6 ne, inda Yesu ya haɗa sadaka da addu'a da azumi ya kuma hana yin su don idon mutane. Paparoma Liyo, wanda wa'azinsa goma sha biyu na azumi suka wanzu, ya dage cewa abin da mai azumi ya hana wa cikinsa haƙƙin matalauci ne, ya kuma yi kira a yafe wa masu laifi a sassauta wa bayi.

Da baftismar jarirai ta zama ruwan dare, shirin manya ya shuɗe, aka mayar da labaran Yohanna uku zuwa ranakun tsakiyar mako, inda mutane kaɗan ke jin su, sai dokar abinci ta mamaye fagen. Cin abinci sau ɗaya da yamma ya matso zuwa ƙarfe uku na rana, daga baya ya koma tsakar rana, aka ƙara ɗan abin taɓawa da dare, masu hali kuma suka riƙa samun izinin cin man shanu ta hanyar ba da kuɗi. Wannan ne ya jawo bore. A azumin 1522, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, waɗansu mutane suka ci nama da gangan a gidan wani mai buga littattafai, limamin garin, Zuwingili, ya kare su a wa'azi da hujjar cewa Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa kowa wannan doka ba. Ikilisiyoyin da suka bi shi da Kalbin, wani jagoran masu neman gyaran ikilisiya, suka yar da azumin, Lutarawa da Angalikan kuwa suka riƙe lokacin da karatunsa. Masu boren sun yi gaskiya a kan cinikin izini, amma da yawa daga cikinsu sun haɗa da zubar da abin da ba shi da laifi.

Gyaran da ya zo wa Katolika a ƙarni na 20 ya bi ta hanyar komawa tushe. Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana a 1963 cewa lokacin yana da fuska biyu, baftisma da tuba. A 1966 Paparoma Bulus na Shida ya taƙaita azumin dole ga Larabar Toka da Jumma'ar da ake tunawa da gicciye Yesu, tare da barin nama a ranakun Jumma'a, sannan tsarin karatu na 1969, mai zagayen shekara uku, ya mayar da Basamariya da makaho da Li'azaru ranakun Lahadi a shekarar farko. A shekara ta biyu ana karanta Yohanna sura ta 3, inda aka bayyana ƙaunar Allah ga duniya a matsayin dalilin aiko Ɗansa, a ta uku kuma labarin ɗan da ya ɓatar da gadonsa a Luka sura ta 15, wanda mahaifinsa ya hango shi daga nesa ya sheƙa ya rungume shi tun bai furta tubarsa ba. Ikilisiyoyin Furotesta da dama sun karɓi wannan tsari da 'yan canje-canje.

Wannan tarihi ne ya sa Kiristocin arewacin Najeriya ba su zama ɗaya a kan al'adar ba. Mishan ɗin SIM da ya fara yunƙurinsa a 1893, da SUM da ya iso Wase a 1904, sun fito ne galibi daga ɓangaren da bai ba kalandar ikilisiya nauyi ba, don haka ikilisiyoyin da suka haifa, irin su ECWA da COCIN, sun fi sanin azumin da ikilisiya ko mutum ya keɓe wa kansa. Katolika, waɗanda suka kafa tasharsu a Shendam a 1907, da Angalikan na Zariya da Wusasa, su ne suka zo da kwana arba'in ɗin. A 2025 watan Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ranar 5 ga watan, sai maƙwabta Musulmi da Kirista suka yi kusan wata guda suna azumi a lokaci ɗaya, kuma tambayar da aka fi yi wa Kirista ita ce ƙarfe nawa yake shan ruwa da abin da ya bari. Amsar wannan tambaya ta bambanta daga ikilisiya zuwa ikilisiya kamar yadda ta bambanta tun zamanin Iraniyus. Mai son sanin abin da Kirista ke nufi da wannan azumi gara ya tambaye shi abin da aka karanta masa ranar Lahadi.