Shu, zogale da ciwon daji: yadda gadon jiki ke bambanta amfanin ganye

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan sanyi ya kama, garkunan Dallol Mawri sukan cika da shu, wanda a Najeriya ake kira kabeji. A ƙaramar hukumar Kiéché da sauran garuruwan Arewa da ke kewayen Dogon Dutsi, ana noma shi tare da dankalin turawa da salati, ana cin sa a miya ko a kwaɗo. An jima ana faɗin cewa wannan ganye yana kare jiki daga ciwon daji. Bincike ya nuna akwai gaskiya a maganar, amma jikin kowa da yadda yake sarrafa abin da ke cikin ganyen.

Abin da ke cikin ganyen

Shu yana cikin dangin tsirrai ɗaya da burokoli, da farin kabeji, da radi. Dukkansu suna ɗauke da sinadaran da ake kira gulukosinolat. Zogale da gasaya ba ƴan wannan dangi ba ne kai tsaye, amma makusantansa ne, kuma su ma suna da irin waɗannan sinadarai.

Muddin ganyen bai ji rauni ba, sinadaran a kwance suke. Da zarar an yanka shi ko an tauna, wani anzim mai suna mirosinaz yakan haɗu da su ya mayar da su isotiyosiyanat. Su ne ke ba ɗanyen shu ɗan yajin nan da ake ji a harshe. Mafi shahara a cikinsu shi ne sulforafan, wanda Paul Talalay da Yuesheng Zhang na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka ware daga burokoli a 1992. Aikinsa shi ne zaburar da ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, su ƙara samar da anzim masu kashe kaifin guba kafin ta lalata ADN.

Inda gado ya shigo

Jiki yana ɗaukar isotiyosiyanat a matsayin baƙo, don haka yakan yi ƙoƙarin fitar da su. Masu wannan aiki su ne anzim da ake kira GST: suna ɗaure sinadarin da gulutatiyon, daga nan ya bi ta ƙoda ya fita a fitsari.

Biyu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke samar da waɗannan anzim, GSTM1 da GSTT1, ba kowa ke da su ba. Wanda bai gaji ko ɗaya daga uwa ko uba ba, jikinsa ba ya yin wannan anzim ɗin sam. Wannan ba cuta ba ce, kuma mai shi ba ya jin komai. Kusan rabin Turawa da mutanen gabashin Asiya ba su da GSTM1, yayin da a tsakanin ƴan Afirka adadin ya yi ƙasa da haka, wajen mutum ɗaya cikin huɗu. Ke nan ƴan gida ɗaya na iya cin kwano ɗaya, amma sinadarin ya bi hanyoyi daban a jikinsu.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2000, mujallar Lancet ta buga sakamakon bin diddigin maza fiye da 18,000 a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Waɗanda aka samu isotiyosiyanat a fitsarinsu sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon dajin huhu, kuma kariyar ta fi ƙarfi ga waɗanda ba su da GSTM1 da GSTT1 duka biyu. Wani bincike na 2005 a ƙasashen tsakiya da gabashin Turai ya sami irin wannan sakamako. Bayanin da masana suka bayar shi ne, idan babu anzim mai saurin fitar da sinadarin, yakan daɗe a jiki yana aiki.

Sai dai ba duka bincike ya tafi a kan haka ba. A 2005, masana a Norwich ta Ingila sun ba mutane miyar burokoli, suka ga marasa GSTM1 ne suka fi saurin fitar da sulforafan a fitsari. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa, a nazarinta na 2004, ta bayyana hujjar kariyar waɗannan ganyaye daga ciwon dajin ciki da na huhu a matsayin mai iyaka. Shi ya sa likitoci ba sa neman a yi gwajin gado kafin a ba mutum shawarar abinci.

Wani gwaji da ya shafi Sahel shi ne na Qidong a ƙasar Sin, inda ciwon dajin hanta ya yi yawa saboda gubar aflatoksin da ciwon hanta nau'in B. An shayar da mutane ruwan tsiron burokoli, aka ga waɗanda jikinsu ya fi shan sulforafan sun fi ƙarancin alamar ɓarnar gubar. Aflatoksin ita ce gubar da ke samuwa a gyaɗa da masara idan suka yi funfuna a ajiya.

Abin da ke hannun mai girki

Ba a canza gado, amma ana iya gyara girki. Zafi mai yawa yana kashe mirosinaz, kuma dogon tafasa yana zubar da gulukosinolat cikin ruwa, wanda sau da yawa ake tsiyayewa a zubar. Idan anzim ɗin ya mutu, ƙwayoyin bakteriya na hanji ne kawai ke juya wani kaso kaɗan, kuma wannan ma ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Don haka ya fi kyau a yanka shu a bar shi ɗan lokaci kafin a ɗora wuta, a turara shi na ƴan mintuna maimakon a dafa har ya yi laushi tiɓis. Idan ɗanye za a ci, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, a kuma tabbatar ƙuli-ƙulin kwaɗon daga lafiyayyar gyaɗa aka yi shi.

Shu da zogale abinci ne, ba sa warkar da ciwon daji da ya riga ya kama mutum, kuma ba sa maye gurbin barin taba ko rigakafin ciwon hanta nau'in B. Wanda ya ga ƙullutu a jiki, ko zubar jini, ko rama ba dalili, ya je likita tun da wuri.