Bayan Ɗage Kulle: Sake Duban Tasirin Korona ga Lafiyar Tsofaffi a Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar nan tana ƙalubalantar ra'ayin da ke cewa tsofaffi sun fi kowa jure wa annobar korona a zuci. Ta ɗauki Kano a matsayin misali, tana mai kafa hujja cewa illar da ta daɗe ta fara ne daga ƙafa da majalisa kafin ta kai ga zuciya.

Waiwayen ayyuka

A 2020 Vahia da Jeste da Reynolds suka wallafa a mujallar JAMA cewa alamun damuwa da fargaba sun fi ƙaranci ga tsofaffi in an kwatanta da matasa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na Maris 2022, wanda ya ce cututtukan nan sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko, shi ma matasa da mata ya fi ambata. To, amma wa aka tambaya? Cikin hujjojin Vahia akwai binciken hukumar CDC ta Amurka na Yunin 2020, wanda aka cike ta intanet. Dattijon Fagge ko na Gwale ba ya cikin wannan lissafi. Ko da an kai masa takardar tambayoyin har zaure, ba zai ce yana da damuwa ba. "Jiki ne ya ƙi" zai ce, ya bi da hamdala. Alhali binciken Gureje da abokansa a ƙasar Yarabawa, na 2007, ya nuna cewa ciwon damuwa ba baƙo ba ne ga tsofaffin Nijeriya.

Hanyar bincike

An nazarci rahotannin hukuma da ayyukan da aka wallafa daga 2020 zuwa 2022, aka auna su da abin da aka sani game da jikin tsoho in ya daina motsi.

Sakamako da tattaunawa

A Yunin 2020 ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga rasuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano, cewa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da alaƙa da korona, kuma akasarin mamatan sun haura shekara 65. An yi ta magana kan mamatan. Waɗanda suka rage, wato tsararsu, su ne abin dubawa a nan.

Tsoho a Kano ba ya zuwa wurin motsa jiki. Tafiyarsa masallaci sau biyar ita ce motsa jikinsa. Ya tsuguna alwala, ya taka, ya yi ruku'u da sujada, sannan ya zauna a dakali a gaisa. Kulle ya taƙaita wannan, tsoron da 'ya'ya suke yi masa kuma ya tsawaita taƙaitawar. Abin ba ƙarami ba ne: Kortebein da abokansa sun nuna a 2007 cewa kwana goma kacal a kwance ya zaftare kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafun tsofaffi masu lafiya. Kulle bai kai kwanciya tsanani ba, amma hanyar ɗaya ce, kuma tsoka ba ta dawo wa ɗan saba'in yadda take dawo wa saurayi. Ƙafa ta yi rauni, sai tsoron faɗuwa, sai salla a gida, daga baya a zaune. Randa ya yunƙura ya fita kuwa, tabarmar majalisa ta yi faɗi, don biyu ko uku daga cikin masu zamanta sun riga mu gidan gaskiya. Majalisar nan ce ke lura in mutum ya rame, ita ce ke tambaya ko ya sha maganin hawan jini. Iyali sukan kira sakamakon da sunan tsufa, shi ya sa ba ya isa kundin asibiti.

Akwai kuma takaicin Hajji: an rufe wa masu zuwa daga ƙasashen waje a 2020 da 2021, a 2022 kuma aka hana waɗanda suka kai shekara 65.

Iyakoki

Gaskiya ne aikin nan bai ƙunshi hira da tsofaffi ba, kuma ya fi karkata ga maza, alhali tsofaffi mata da suka shiga takaba a lokacin annobar suna buƙatar nazarin kansu. Wannan bai rushe hujjar ba. Mai son gwada ta sai ya auna saurin tafiya da ƙarfin damƙar dattawan unguwa, ya kuma yi tambayoyinsa da Hausa, a zaure.