Linkin Park: Masu haɗa kururuwa da zaƙin murya

Linkin Park ƙungiyar mawaƙa ce ta ƙasar Amurka wadda ta yi fice wajen gauraya kiɗan rock mai ƙara da tsauri, da gambarar zamani, da kuma sautukan da ake harhaɗawa da kwamfuta.

Wasu abokai uku da suka yi makarantar sakandare tare, Mike Shinoda da Brad Delson da Rob Bourdon, su ne suka kafa ta a shekarar 1996 a garin Agoura Hills na jihar Kalifoniya, da sunan Xero.

Kamfanonin faifai da dama sun juya mata baya. Sai bayan da Chester Bennington, ɗan asalin birnin Phoenix, ya shiga cikinta a 1999 ne kamfanin Warner Bros. ya karɓe ta.

Salon kiɗan

Ƙarfin ƙungiyar ya dogara ne kan muryoyi biyu. Shinoda kan jera baitocin gambara cikin natsuwa, shi kuwa Bennington, a lokacin rayuwarsa, yakan fara da murya mai taushi, sannan ya ɓarke da kururuwa kamar maƙogwaronsa zai tsage, ya kuma komo kan taushin a cikin waƙa guda. A ƙarƙashin muryoyin akwai rugugin jitar lantarki, da sautukan da Joe Hahn ke fitarwa ta hanyar murza faifai da na'urori.

Akwai ƙungiyoyi irin su Korn da Deftones da suka riga ta shiga wannan fage, wanda ake kira nu metal. Abin da ya bambanta ta shi ne amshi mai sauƙin kamawa, wanda har wanda ba ya son hayaniya zai iya rerawa. Haka kuma babu ashar a kundayenta biyu na farko, abin da ya sauƙaƙa wa gidajen rediyo sanya waƙoƙinta.

Kundinta na farko, Hybrid Theory, ya fito a watan Oktoban 2000, kuma shi ne aka fi saya a Amurka a 2001. Daga bisani an sayar da kwafi miliyan 10 a ƙasar kaɗai. Meteora ya biyo baya a 2003, sai kuma haɗin gwiwa da mawaƙin gambara Jay-Z a 2004.

Saɓani da magoya baya

Daga 2007 ƙungiyar ta soma rage tsaurin kiɗanta. A Thousand Suns, na 2010, ya karkata sosai ga sautukan na'ura, yana kuma magana kan fargabar yaƙin nukiliya. Da One More Light ya fito a watan Mayun 2017, tsofaffin magoya baya da yawa sun zarge ta da watsar da asalinta don neman kasuwa, zargin da Bennington ya mayar wa martani cikin fushi.

Watanni biyu bayan haka, ranar 20 ga Yulin 2017, ya kashe kansa yana da shekara 41. Ya sha bayyana cewa an ci zarafinsa yana yaro, kuma ya daɗe yana fama da ciwon damuwa da shaye-shaye. Masu sukar da a da ke ɗaukar waƙoƙinsa a matsayin ƙorafin samartaka kawai, da yawansu sun sake sauraronsu da wani kunnen.

Ƙungiyar ta yi shekara bakwai ba ta fitar da sabon kundi ba. A watan Satumban 2024 ta dawo da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong, yayin da Colin Brittain ya maye gurbin Bourdon a kan ganguna, kuma kundin From Zero ya fito a watan Nuwamban shekarar.

Ita ce ta yi wasa gabanin karawar ƙarshe ta gasar Zakarun Turai tsakanin Paris Saint-Germain da Inter Milan a birnin Munich na Jamus, ranar 31 ga Mayun 2025.