Ƙaramar Makaranta da Babbar Jami'a: Yadda Yamai ke Auna Darajar Takarda

A Amurka akwai wata tsohuwar gardama tsakanin iyaye: ɗan da ya yi fice a sakandare, a kai shi babbar jami'a irin Harvard da aka kafa tun 1636, ko a kai shi ƙaramar kwaleji irin Williams, Amherst ko Swarthmore? Waɗannan kwalejoji ɗalibansu kan kai dubu biyu ko ƙasa da haka, kuma kusan duk aikinsu ya tsaya a digirin farko. Ɗalibi yakan ɗanɗani tarihi da lissafi da falsafa da kimiyya kafin ya zaɓi fanni, kuma farfesan da kansa ke shiga aji ya san kowa da sunansa. A can Amurka ana girmama su ƙwarai. Sai dai sunansu bai cika ƙetare teku ba. Mutane nawa ne a Yamai suka san cewa Kofi Annan a Macalester ya gama digirinsa na farko a 1961, wata ƙaramar kwaleji a jihar Minnesota?

Wanda zai ɗauko wannan gardama ya kawo ta Nijar sai ya yi hattara, domin tsarin da muka gada daga Faransa ya jera abubuwan ne ta wata fuska dabam. A Faransa jami'a ta kowa ce, duk mai takardar bak, ta kammala sakandare, yana da hakkin neman gurbi. Manyan gobe kuwa ƙananan makarantu na musamman ke ƙera su, irin su Polytechnique da aka kafa a 1794, inda ba a shiga sai da konkur mai tsanani. Shugabannin Nijar na farko ta irin wannan ƙofa suka bi: Diori Hamani da Boubou Hama duk 'yan makarantar William Ponty ne ta Senegal. Mahamadou Issoufou ma injiniya ne daga makarantar ma'adinai ta Saint-Étienne.

Yamai ta gina nata irin. Makarantar horar da ma'aikatan mulki, ENA, ta samu a 1963, shekarar da aka kafa EAMAC mai horar da masu lura da zirga-zirgar jiragen sama da yanayi ga ƙasashen hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA. Cibiyar AGRHYMET ta noma da ruwa da yanayi ta biyo baya a 1974, sannan EMIG ta ma'adinai da masana'antu. Dukkansu ƙanana ne, kuma dukkansu ana ganin girmansu. To amma me ake girmamawa? Ƙuncin ƙofar shiga da faɗin ƙofar fita. Uban da ya ce ɗansa ya ci konkur ɗin EAMAC ba ya nufin yaron zai karanta littattafai masu yawa. Yana nufin albashi ya kusa. Ilimin da ake bayarwa a nan na sana'a ɗaya ne tak, kishiyar abin da Swarthmore ke taƙama da shi.

Darajar Jami'ar Abdou Moumouni daga wani tushe ta fito. An fara ta a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan masanin hasken rana ɗan Tasawa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Har zuwa 2010, lokacin da Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu nasu jami'o'in, ita kaɗai ce ta gwamnati a duk faɗin ƙasar. Ta Musulunci da ke Say mallakar ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce. Saboda haka likitoci da alƙalai da malaman sakandare masu ɗimbin yawa Harobanda, unguwar da jami'ar take, suka ratso. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar shaida. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka hau gadar Kennedy suna zanga-zanga, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka rasa rayuka, kuma wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Wanda ya yi gwagwarmaya a ƙungiyar ɗalibai ta USN ya fita da abokai a kowace ma'aikata da kowace jam'iyya. Wannan jari ne, kuma babu makarantar da za ta iya sayensa da kuɗi.

Duk da haka kowa ya san halin da ake ciki: ɗakin lacca cike har bakin taga, kuɗin burs da ke makara, yajin aikin malamai yau, na ɗalibai gobe, shekarar karatu ta shiga cikin wata har lisans ɗin shekara uku ya ja zuwa huɗu ko biyar. Ga shi kuma tun zamanin tsuke bakin aljihun gwamnati a shekarun 1980 da 1990 takardar jami'a ta daina zama tikitin aikin gwamnati kai tsaye. Cikin wannan giɓi ne makarantun kuɗi suka tsiro a unguwannin Yamai, yawancinsu na koyar da akanta da kasuwanci da kwamfuta. Abin da suke sayarwa shi ne kalanda: ka shiga a kan lokaci, ka fita a kan lokaci. Amma jama'a na yi musu kallon hadarin kaji, kuma tambayar farko da uba mai wayo ke yi ita ce ko CAMES ta amince da takardar. Wannan hukuma, da shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafa ta nan Yamai a 1968, ita ce hatimin da ke sa difloma ta ci kasuwa daga Dakar har Libreville.

Wannan ita ce kasuwar da African Development University ta shigo a 2017, lokacin da Kader Kaneye ya kafa ta a Yamai. Ita ce mafi kusa da kwalejin Amurka a ƙasar nan: ƙananan ajujuwa, nauyi a kan Ingilishi da tunani da ɗa'a da jagoranci, da ƙoƙarin jawo 'yan mata. Tana da abin koyi a Ghana, wato Ashesi, wadda Patrick Awuah ya buɗe a 2002 bayan ya yi karatu a Swarthmore ya kuma yi aiki a Microsoft. Abin lura a nan shi ne ko Ashesi ba ta yarda ta tsaya kan tarihi da falsafa zalla ba. Yawancin digirinta na kasuwanci ne da kwamfuta da injiniyanci, ilimin mai faɗi yana ƙarƙashi a matsayin harsashi. Iyayen Afirka ba sa biyan kuɗi don a faɗaɗa wa ɗansu tunani sai an nuna musu inda zai ci abinci, kuma ban ga laifinsu ba.

Ga Bahaushe ma dai ƙaramin aji ba baƙon abu ba ne. A makarantar zaure ɗalibi kan zauna gaban malami ɗaya shekaru, ya sauke Ahalari ya shiga Ishmawi, ya haɗa fiƙihu da nahawu da lugga, kuma idan an tashi auna shi sai a ce wajen wa ya yi karatu. Sunan malamin ne shaidarsa. A ganina a nan ne ƙaramar kwaleji ke da hujja mafi ƙarfi, domin malamin da ya karanta rubutun ɗalibi sau goma yana iya tsaya masa da gaskiya a gaban mai ɗaukar aiki, abin da mai koyar da mutum ɗari biyar ba zai iya ba komai ƙwazonsa.

Matsalar ita ce tsada. Kwalejojin Amurka da aka ambata suna zaune ne a kan asusun wakafi na biliyoyin daloli da tsofaffin ɗalibai suka tara cikin fiye da ƙarni guda, shi ya sa suke iya ɗaukar ɗan talaka kyauta. A Yamai ƙaramin aji na nufin ɗayan biyu: ko iyaye su biya da tsada, ko wata gidauniya daga waje ta ɗauki nauyi, kuma gidauniya tana iya sauya alƙibla idan siyasa ta juya. Ɗan manomi daga Filinge ko Mayayi da ya ci bak ba shi da wannan zaɓi sai in ya dace da tallafi; hanyarsa Harobanda ce, ko ɗaya daga cikin jami'o'in jihohi da aka ƙara a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Su kuwa waɗanda suka fara fita daga sabuwar kwalejin yanzu ne suke matakin farko na aiki, ba su kai kujerun da ake yanke shawarar wanda za a ɗauka ba. A ma'aikatun gwamnati masu zama kan waɗannan kujeru har yanzu 'yan Abdou Moumouni ne da 'yan ENA, da waɗanda suka dawo daga Dakar da Faransa.