Kwamfuta ta ƙi tashi bayan ƙarin RAM: dalilai da matakan gyara

RAM ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi inda kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a lokacin. Siririn allo ne da masu gyara ke kira baret, ana soka shi a ramin da ke kan kart mer, wato babban allon cikin na'ura. Da an kunna kwamfuta, manhajar BIOS kan fara duba RAM. In ba ta same ta daidai ba, komai sai ya tsaya: fanka na juyawa, fitila na ci, amma ekran baƙi ƙirin, wani lokaci da ƙarar "bip" a jere. Galibi na'urar ba ta mutu ba, kuma takardu da hotuna suna nan lafiya a faifan ajiya.

Abin da ke jawo matsalar

Na farko, baret ba ta zauna sosai a raminta ba. Wannan ya fi yawa.

Na biyu, nau'in bai dace ba. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa maye gurbin juna, tsagar da ke gindinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Tarkon yana tsakanin DDR3 mai volt 1,5 da DDR3L mai volt 1,35: siffarsu ɗaya, duk suna shiga rami guda, amma kwamfutocin tafi-da-gidanka masu Intel Core zubi na 4 DDR3L suke buƙata.

Na uku, girman baret ya wuce iyakar da kart mer ke ɗauka. Na huɗu, baret ɗin lalatacciya ce tun daga shago.

Matakan da za a bi

1. A jira tukuna. Na'ura mai DDR5 kan yi ƴan mintoci ekran na baƙi a tashin farko, tana daidaita sabuwar RAM.

2. A cire waya daga kuran, a cire batir in yana fita, a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15. A taɓa ƙarfe kafin a taɓa baret, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke tara lantarki a jikin mutum.

3. A fiddo baret, a kakkaɓe ƙurar ramin, a mayar. Ta tebur ana danna ta har maƙallan gefe su kama. Ta tafi-da-gidanka ana soka ta a karkace, sannan a kwantar.

4. A gwada baret ɗaya-ɗaya, rami bayan rami. In tsohuwa kaɗai ta tayar da na'ura, laifin na sabuwa ne.

5. A kwamfutar tebur, a cire ƙaramin batir CR2032 na kart mer na minti 5, domin BIOS ta koma saitinta na asali. Bayan haka sai a gyara kwanan wata da agogo.

In na'ura ta tashi amma tana yawan tsayawa, manhajar MemTest86 na gano baret mai lahani. In kuwa ta ƙi tashi ko da tsohuwar baret a kowane rami, sai a kai wa mai gyara, don mai yiwuwa ramin ko kart mer ne ya taɓu.

Kafin saye, a karanta takardar da ke manne a tsohuwar baret, a kuma shirya da mai shago cewa zai canza in ba ta yi ba. Mafi sauƙi, a je da na'urar a gwada a gabansa kafin a biya kuɗi.