Hawan Keke Kullum: Amfaninsa ga Lafiya da Yadda Ake Shirya Shi Don Kauce wa Rauni

A garuruwan ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, kamar Zinyau da Rurum da Tarai, keke ne abin hawan manomi zuwa gona, da ɗalibi zuwa makaranta, da mai ƙaramar sana'a zuwa kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na acaɓa suka tashi, mutane da dama sun sake jawo kekunan da suka daɗe a jingine.

A wajen likita wannan abin farin ciki ne, domin mai hawan keke yana motsa jiki ba tare da ya ware wa hakan lokaci ko kuɗi ba. Sai dai mafi yawan raunukan keke da muke gani a asibiti sukan samo asali ne daga abubuwa kaɗan waɗanda gyaransu ba shi da tsada: birki marar kamu, rashin fitila, sirdin da bai dace da tsayin mai keke ba, kaya fiye da kima, da ƙafar yaro da aka bari tana reto kusa da taya.

Amfanin hawan keke ga jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako. Wanda yake tuƙa keke minti 15 zuwa wurin aiki, minti 15 dawowa, kwana biyar a mako, ya riga ya cika minti 150. Motsa jiki matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru, jiki ya yi ɗumi, amma mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa.

Irin wannan motsa jiki yana taimakawa wajen:

- Rage hawan jini da ƙarfafa zuciya.
- Daidaita suga a jini, domin tsokar cinya da ta sha aiki tana janye suga daga jini ta yi amfani da shi.
- Rage ƙiba, musamman teɓa.
- Samun barci mai kyau da raguwar damuwa.
- Motsa gwiwa ba tare da ɗora mata nauyin jiki duka ba. Shi ya sa masu ciwon gwiwa da yawa suka fi jin daɗin keke a kan doguwar tafiyar ƙafa.

Wani bincike da masana na Jami'ar Glasgow suka wallafa a 2017, wanda ya bi diddigin mutum sama da 260,000 a Birtaniya, ya nuna cewa masu zuwa aiki a kan keke sun fi masu zuwa a mota ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya da ciwon daji. Duk da haka keke ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ci gaba da shan maganinsa, likita ne kawai zai rage masa idan awo ya nuna ya dace.

Daidaita keke da jikin mai shi

Kekunan da aka fi sani a yankinmu, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, an ƙera su ne don su jure kaya da hanyar burji. Mai hawansu yana zama a miƙe, wanda hakan ke sauƙaƙa wa wuya da baya. Matsalar da aka fi samu ita ce keke ɗaya ne a gida, uba ya hau, ɗa ya hau, ba wanda ya taɓa sirdin.

Tsayin sirdi. A zauna a kan sirdi, a ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe daidai, tsayin ya yi. A wajen tuƙi kuma da gaban tafin ƙafa ake taka feda, sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa yana jawo ciwo a gaban gwiwa. Wanda ya yi sama yana sa ƙugu ya riƙa karkata hagu da dama, ya kawo ciwon baya da na bayan gwiwa.

Kwanciyar sirdi. Ya kasance a shimfiɗe, bakinsa bai ɗaga sama ba. Idan ya ɗaga, yana danne jijiyoyin da ke tsakanin dubura da al'aura, sai mutum ya ji wurin ya mutu ko yana tsikari. Sirdin da ya yage har ƙarfe ya fito, a canza shi.

Kan keke. Ya zama hannu yana kaiwa ba tare da an miƙe gwiwar hannu gaba ɗaya ba. Idan yatsu suna mutuwa a doguwar tafiya, a sassauta riƙo, a riƙa sauya wurin dafawa, a kuma mayar da robar hannun idan ta cire.

Yaro da keken manya. Yaron da ƙafarsa ba ta kai feda ba, har sai ya zura ta ta ƙarƙashin sanda, ba zai iya kama birki da kyau ba, ba zai kuma iya tsayawa da sauri ba. Kada a aike shi bakin kwalta da irin wannan keke.

Kayan da bai kamata keken zirga-zirga ya rasa ba

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mai keke ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi, kariyarsa ita ce a gan shi da wuri, shi kuma ya iya tsayawa a kan lokaci.

- Birki biyu masu kamu, na gaba da na baya. Tsayar da keke da silifa a kan taya ba birki ba ne. Yankin Rano yana da duwatsu da gangara, kuma da damina birki yakan rage kamu idan taya ta jiƙe. A gangara a kama biyun tare a hankali. Damƙe na gaba shi kaɗai yana iya wurgo mutum ta kan keke.
- Fitila fara a gaba, da ja ko abin sheƙi ja a baya. Mai dawowa daga gona ko kasuwa bayan magariba da tufafi masu duhu, direba ba ya ganinsa sai ya zo dab da shi. Ko tocila aka ɗaure a kan keken ta fi babu. Riga mai haske ma tana taimakawa.
- Ƙararrawa mai ƙara.
- Murfin sarƙa. Shi ke hana bakin wando ko babbar riga ko hijabi shiga sarƙa. Idan babu, a naɗe ƙafar wando, a tattare riga kafin a hau.
- Kariya mai ƙarfi a baya. A ɗaure kaya tamau, a raba nauyin daidai hagu da dama. Kada a rataya jarka ko leda mai nauyi a kan keke, domin tana hana juya shi.
- Hular kwano. Bincike da yawa sun nuna tana rage munanan raunukan kai da fiye da rabi. A ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi a canza ta.
- Famfo da kayan faci da gorar ruwa.

A kan titi, mai keke ya bi hannun dama kamar sauran ababen hawa, kada ya tunkari motoci. Ya miƙa hannu ya nuna inda zai juya, ya kuma cire abin sauraren waya daga kunne.

Ɗaukar yara: raunin wayoyin taya

Wannan rauni ne da iyaye suka fi rainawa. Ana ɗora yaro ɗan shekara uku ko biyar a kan kariya, ƙafarsa tana reto, sai dunduniya ta shige tsakanin wayoyin taya da ƙarfen keke. A ranar farko abin yakan yi kama da ƙujewa kawai. Amma fatar wurin ta matsu, jini ya daina isa gare ta sosai, bayan kwana biyu ko uku sai ta yi baƙi ta fara mutuwa. Wani lokaci akwai karaya a ƙashin ƙauri, ko yankewar agarar da ke bayan dunduniya.

Duk yaron da ƙafarsa ta shiga taya a kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon bai yi girma ba, a kuma mayar da shi a sake dubawa bayan kwana biyu. Rigakafinsa kuwa mai sauƙi ne: a sa maƙeri ko mai gyaran keke ya yi wa yaron matakin ƙafa, a rufe gefen tayar baya da falle ko roba mai kauri, a sa masa takalmi rufaffe. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, wuyansa bai yi ƙwarin da za a zaunar da shi a kan keke ba.

Zafi, ƙura da azumi

Da bazara, musamman watannin Maris zuwa Mayu, a yi doguwar tafiya da sassafe ko da yamma. A sha ruwa kafin a tashi da kuma a hanya. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Idan aka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, a sauka a nemi inuwa, a sha ruwa ko haɗin gishiri da suga na ORS. Wanda zafi ya sa ya rikice ko ya suma, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Da hunturu ƙura tana tayar da asma da tari. A rufe hanci da baki da takunkumi ko rawani, mai asma kuma ya riƙa tafiya da abin shaƙarsa a aljihu. Mai azumi ya rage gudu, ya kauce wa tafiyar tsakar rana.

Waɗanda ya kamata su fara ganin likita

- Mai ciwon zuciya, ko wanda ke jin ciwon ƙirji ko haki idan ya yi ɗan aiki.
- Mai hawan jinin da bai daidaita ba.
- Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan magani irin glibenclamide. Tuƙi yana iya sa sugansa ya faɗi: rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, duhun gani. Ya ci abinci kafin ya fita, ya riƙe dabino ko suga a aljihu, ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafafunsa kowane dare.
- Mai farfaɗiya da har yanzu take tasar masa.
- Mai sikila, domin gajiya mai yawa da ƙishirwa suna tayar da ciwon.
- Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan.
- Wanda ganinsa ya ragu, musamman da dare.

Kada a hau keke bayan an sha maganin da ke sa barci, kamar wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi, balle ƙwaya. Wanda ya daɗe bai hau ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jin kamar za a suma, dalili ne na sauka nan take a nemi asibiti.

Tambayoyin da ake yawan yi

Keke yana kawo ƙaba? Ƙaba tana fitowa ne ta inda bangon ciki ya yi rauni. Tuƙin keke na yau da kullum ba ya jawo ta, amma ciccibar buhu mai nauyi a ɗora a kariya yana iya bayyanar da ita. Wanda ya ga kumburi a matsematsi ya je a duba shi.

Yana kawo basir? A'a. Sai dai mai basir da ya tashi zai ji zama a kan sirdi yana ƙara masa zafi, don haka ya huta har ya lafa.

Yana rage ƙarfin namiji? Gajeriyar tafiya a kan sirdi mai faɗi da aka daidaita ba ta yin haka. Hasali ma motsa jiki yana gyara gudanar jini. Idan wurin yana mutuwa a lokacin tuƙi, a gyara sirdi, a riƙa miƙewa a kan feda lokaci-lokaci. Idan bai daina ba, a ga likita.

Idan an faɗi

A fara janye wanda ya faɗi daga hanyar mota. Idan yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a ɗora a babur, a ɗauke shi a miƙe, kai da wuya ba sa motsi. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. A wanke ƙujewa da ruwa mai tsabta da sabulu har yashi ya fita. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai ko man birki a ciwo. Idan ciwon ya yi datti ko zurfi, kuma an fi shekara biyar ba a yi allurar tetanus ba, ko ba a san lokacin da aka yi ba, a je a yi.

A tafi asibiti ba tare da jinkiri ba idan akwai:

- Suma, ko da ta ɗan lokaci ce, ko mantuwar abin da ya faru.
- Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, rikicewa ko jijjiga.
- Jini ko ruwa daga kunne, ko ruwa fari daga hanci.
- Kasala a hannu ko ƙafa.
- Ciwon ciki bayan kan keke ya daki ciki. A wajen yara wannan yana iya fasa saifa ko hanji, alhali a waje ɗan tabo ne kawai ake gani, kuma alamun sukan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana.
- Gaɓa ta karkace, ko an kasa taka ƙafa.

Wanda ya bugu a kai, ko da ya tashi garau, kada a bar shi shi kaɗai a kwana biyun farko. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce, domin ɗaure ta yana jawo ruɓewa har a rasa gaɓar. Mazauna Zinyau da kewaye su fara da cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Rano. Idan raunin ya fi ƙarfin nan, akan tura majinyaci Kano, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, ko Asibitin Murtala Muhammad, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Kowace safiya kafin a fita, a matsa birki biyu a ga suna kamawa, a taɓa taya a ji iska, a girgiza sirdi da kan keke a tabbatar ba su kwance ba. Abin da aka ga ya lalace, a biya wajen mai gyara a ranar.