Daga Tashar Malam Madori Zuwa Motar Jelani

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. A Haɗeja ba masu mota kaɗai abin ya taɓa ba. Manomin rani a fadamun Auyo da Kafin Hausa da fetur yake ban ruwa, da fetur yake kai tattasai da shinkafa kasuwa. Tun daga lokacin hirar motar lantarki ta shigo majalisunmu, kuma kullum a wuri ɗaya take tsayawa: ina wutar da za a yi caji?

Tambayar ta girmi kakanninmu, kuma ɗaya daga cikin amsoshinta ta daɗe tana wucewa ta ƙofar gidanmu.

A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya bi ta Ringim da Malam Madori, yana kwasar gyaɗa da fatu. Jiragen farko da kwal suke tafiya. Daga shekarun 1950 aka fara kawo masu shan gas, kuma yawancinmu mun ɗauka injin gas ɗin ne ke juya ƙafafun. Ba shi ba ne. Injin yana juya janareta, janareta ya ba da wuta, wutar ta juya motocin lantarki da ke maƙale a ƙafafun. Wato kan jirgin abin hawa ne na lantarki da ke goye da tashar wutarsa.

Dabarar ma ta riga jirgin. Wajen 1900 a Vienna, wani matashin injiniya mai suna Ferdinand Porsche yana ƙera motocin lantarki a kamfanin Lohner. Batir na dalma ne, ga nauyi, ga saurin ƙarewa. Sai ya ɗora ƙananan injinan fetur da ba su haɗu da taya ba, aikinsu kawai samar da wuta. Motar ta yi tafiya, amma kasuwa ba ta karɓe ta ba. Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, Cadillac ta kawo sitata a 1912 aka daina wahalar murɗa hannu, fetur kuma ya yi arha. Motar lantarki ta kwanta kusan shekara tamanin.

Da ta farka, gida uku ta rabu. Na farko ita ce ruwa-biyu, irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997. Injin fetur da motar lantarki suna taimakon juna wajen juya taya, batirin ƙarami ne, kuma ba a jona ta a bango. Tana rage shan mai, amma duk ƙarfinta daga tanki yake fitowa. Na biyu lantarki zalla, irin Tesla Roadster ta 2008 da Nissan Leaf ta 2010: babu tanki, babu salansa, babu juyen baƙin mai, amma in batir ya ƙare a hanya sai ja. Na uku ita ce jikar jirgin Malam Madori, mai goyon janareta. Ana cajinta kamar waya, tana tafiya da batir, in ya yi ƙasa sai ƙaramin inji ya tashi ya riƙa ba da wuta.

A nan ne sunan ɗan Arewa ya shiga tarihin. A Janairun 2007, a bajekolin motoci na Detroit a Amurka, kamfanin General Motors ya nuna samfurin Chevrolet Volt, kuma wanda ya zana jikinta Jelani Aliyu ne, mutumin Sakkwato da ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka. Da aka fara sayar da ita a ƙarshen 2010, tana yin kimanin kilomita 56 da batir kawai, sannan injinta mai lita 1.4 ya karɓa. A wasu yanayi na gudu injin kan ɗan taimaka wa tayar kai tsaye, abin da ya sa aka yi ta jayayya kan gidan da ta fito. BMW i3 ta 2013 ba ta bar wannan ƙofa ba: injinta irin na babur ne, tankinsa lita 9, bai san taya ba. An daina ƙera Volt a 2019, shekarar da kamfanin Li Auto na Sin ya fara sayar da Li One a kan wannan dabara, ya kuma samu kasuwa.

Jelani ya dawo gida a 2017 ya shugabanci hukumar NADDC. A zamaninsa aka nuna Hyundai Kona mai lantarki zalla da aka harhaɗa a Legas, aka kuma buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021.

To wacce ta dace da mu? Mu da muke aiki da kwamfuta a garin nan mun san amsar da rayuwa ta tilasta mana. Muna da sola a kan rufi, batir da inbata a ɗaki, da janareta a bayan gida don ranakun da hazo ko hadari ya rufe rana. Ba ma tayar da shi kullum, amma ba ma sayar da shi. Manoman da suka koma famfon sola bayan 2023 su ma da yawa sun ajiye tsohon injin ban ruwansu a lungu. Mota mai goyon janareta wannan lissafin ne aka ɗora a kan taya: zirga-zirgar cikin gari da rana, tafiyar Kano mai wajen kilomita 200 da fetur.

Sai dai kayanta biyu ne, matsalarta ma biyu. Kana ɗauke da nauyin inji da na batir, kana buƙatar bakanike da kuma mai gyaran lantarki da ya san haɗarin wutar da ta kai ɗaruruwan bolt. Wanda ba shi da wurin caji kuwa, ya sayi motar fetur mai nauyi ne kawai, gara masa ruwa-biyu, wadda ta fi ƙarancin asara tunda injinta na iya juya taya kai tsaye. Zafinmu na watan Afrilu yana tsufar da batir, kuma yawancin motocinmu kwance ne daga waje, sun riga sun ci rabin kwanansu. Ga ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda hanyoyin ƙasar nan ke zama, kuma batirin da ya kwana cikin ruwa ba abin wasa ba ne.

Tarihin fadamarmu yana da nasa gargaɗin. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 an gina su da kyakkyawar niyya, amma sun canza tafiyar kogin, kachala ta toshe magudanai, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Injin ban ruwa da shirin Fadama ya yaɗa a shekarun 1990 ya raba mu da jan jigo, ya kuma ɗaure mu da farashin fetur. Kowace na'ura ta zo da igiyarta.

Saboda haka kafin mu tambayi kuɗin mota, mu tambayi wa zai gyara ta a Haɗeja, ina za a samu batirinta in ya mutu, kuma rufin wa zai ba ta wuta. Mai yiwuwa ma ba da mota za a fara ba. Babur da a-daidaita-sahu ba sa nisa, batirinsu ƙarami ne, sola 'yan kaɗan sun ishe su, kuma su ne ke kai mafi yawanmu kasuwa da asibiti.